Akwatin Tani

Shekara ashirin da huɗu Inuwa ya yi yana shafe sawun mutane a Nassarawa, unguwar Turawa ta Kano, kuma aikinsa ke nan. Mai fenti ne a Ma'aikatar Ayyuka. Duk lokacin da wani Bature ya tattara ya koma ƙasarsu, ko aka yi masa canji zuwa Jos ko Kaduna, sai a turo Inuwa gidan da bokitinsa da buroshi. Zoben da gindin kofi ya bari a kan tebur, ƙunar taba a hannun kujera, inda kare ya shekara uku yana gwaguyar ƙafar gado, duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare, ya goge da samfefa, ya cike ramuka, ya yi shafin fenti na farko, ya bari ya sha iska, ya shafa na biyu. Daga nan ya kifa kujerar, ya ɗora mata wani fallen gwangwani da aka yayyanke haruffa da lambobi a jikinsa, wanda Turawa ke kira sitansil, ya dangwala baƙin fenti a kai. In ya ɗaga gwangwanin, ga lambar Gwamnati nan ta fito raɗau. Wanda zai shigo gidan gobe sai ya rantse ba a taɓa zama a kujerar ba.

Abin alfaharinsa ke nan a duniya, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan ce, "Ni in na gama da abu, ko mai shi ba zai gane shi ba."

A daminar shekarar samun mulkin kai aiki ya yi masa yawa, don Turawa na ta tafiya, 'yan ƙasa da za su gaji gidajen kuma ba su gama isowa ba. Shi kansa injiniyan da Inuwa ke zaune a ɗakunan ma'aikatan gidansa ya tafi tun farkon ruwa. Kuku ya bi wani Bature zuwa Jos, boyi ya koma Kazaure, mai ban ruwan fulawa ya ce shi noma ya fi masa. Ɗaki huɗu a jere a ƙuryar fili, uku da kwaɗo, na huɗun Inuwa. Wanda kuwa bai zauna Nassarawa ba, bai san shiru ba. Unguwa ce da ba ka jin daka, ba ka jin talla, ba mai leƙo ka ya ce ya zo ɗiban wuta. Kiran salla ma sai iska ta ga dama take kawo shi. Zama a gaban kwano kai kaɗai ya fi yunwa ciwo, shi ya sa in ya dafa ɗan abin da ya samu yake ci a tsaye, ya wanke kwanon ya kife.

Mutum ɗaya ya rage masa, Shawulu, kukun gidan da ke maƙwabtaka. Kirista ne daga ƙasar Zariya, ɗan dattijo mai tumbi da bakin tsiya. Ta wani giɓi a jikin shinge suke gaisawa. Shi ma kwanakinsa sun ƙarato, don maigidansa ya fara ɗaure kaya. Shawulu ya yi makarantar mishan yana yaro, saboda haka shi ke karanta wa Inuwa wasiƙa. Abin dariya, Inuwa ya buga haruffan boko sun fi dubu a gindin kujeru, amma bai san ko ɗaya da suna ba.

Wata Asabar wasiƙa ta zo masa ta wurin aiki. Shawulu ya goge hannu a gaban riga, ya maƙala tabarau, ya buɗe.

"Daga surukinka ne, Malam Lawan akawun jirgin ƙasa. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce an yi masa canji daga Ringim zuwa Kaduna. Nan da kwana goma sha biyu, ranar Alhamis, za su sauka Kano da hantsi, shi zai wuce a jirgin yamma. Amma Dije..."

Inuwa ya kau da kai da jin sunan.

"Kau da kanka da kyau, ni dai karatu nake. Dije ta roƙe shi ya biyo da ita ta ga akwatin mahaifiyarta. Ya ce in ta ga da wurin zama zai bar ta ta yi mako guda a wurinka, sannan ya dawo ya ɗauke ta."

"Maimaita mini wurin mako gudan nan."

Shawulu ya maimaita. Inuwa ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a cikin hula.

Dije 'yarsa ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana da shekara shida uwarta Tani ta rasu a kan gwiwa, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Bayan sadakar arba'in kakar yarinyar ta wajen uwa, Kande, ta tafi da ita Ringim. Ta kwashe zannuwa da kwanuka, ta bar akwatin don ya yi nauyi, ta ce a aiko da shi in yarinya ta tashi aure. Shekara goma sha huɗu ke nan, ita Kanden ma ta rasu bara. A cikin shekarun nan sau uku Inuwa ya je Ringim, kuma duk zuwan a zaure ya tsaya. Yarinya ta kawo ruwa ta durƙusa, shi kuwa ya dubi bango, ya shiga tambayar mutanen gida ya damina. 'Yar fari ce, ba a kiran sunanta, ba a nuna an damu da ita. Mutanen Ringim suka yi ta yabo, wai Inuwa akwai kara, Inuwa akwai alkunya. A kai kasuwa! Wace irin kara ce mutum zai shiga jirgi takanas, ya dawo bai san ko 'yarsa tana da wushirya ba? Amma haka ya tashi ya tarar, kuma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da aurenta ya zo ƙanensa ya wakilta, ya aika da gado da katifa, akwati kuwa ya yi kamar ya manta. Bai manta ba. Shi kaɗai ne abin Tani da ya rage a ɗakin.

Akwatin na maɗaci ne, wani kafinta ya yi shi a Ringim, ba a taɓa sa masa fenti ba. Yana can ƙarshen gado, a kansa Inuwa ke ɗora fitila. Ran nan ya jawo shi bakin ƙofa, ya dube shi da idon sana'a, sai kunya ta rufe shi. Hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, kusurwa ɗaya ta ɓantare, ƙarafan murfin sun yi tsatsa, kananzir ya ɗiɗɗiga ya ɓata samansa.

Shawulu ya leƙo ta giɓin shinge, ya ce, "Sa tsumma ka goge shi kawai. Ita tsohon ta ce tana son gani."

"Matar akawu guda ta zo gidan mai fenti ta tarar da kayan uwarta kamar an tsinto a juji? Ai sai ta ce shekara goma sha huɗu ina wulaƙanta shi. Kai dai tsaya ga miyarka, Shawulu, wadda ko gishiri ba ta ji."

"Bakin Bature ne ba ya son gishiri, ba hannuna ba. To, Allah ya ba da sa'a."

Gaskiyar magana, Inuwa ya san bakinsa ba zai iya ce wa yarinyar komai ba. Ba zai iya cewa ki zauna ba, balle ya ce ina kewarki. Abin da ya iya shi ne fenti. Saboda haka ya ƙudura a ransa zai yi wa akwatin nan aikin da bai taɓa yi wa Razdan, babban Baturen lardi, ba, in ta gani ta gane da kanta, ta yi makon. Mako guda kawai yake so, ya ji motsin mutum a ɗakin kusa, ya ji an ce masa ga abinci. Fentin Gwamnati ma bai yarda ya taɓa ba. Ya taka har kasuwar Sabon Gari, lokacin da kowa ke wawar kore da fari don bikin da ke tafe, shi ya sayo shuɗi da fari da ɗan ƙaramin gwangwanin ja.

Ranar Lahadi da sassafe ya fito da akwatin ƙarƙashin darbejiya. Rabonsa da buɗe shi tun ranar da Kande ta kwashe kayan. Yana ɗaga murfin wani ƙamshi ya taso, kanumfari da turaren wuta da wani abu da ba shi da suna, ƙamshin Tani dai. Ya zauna a ƙasa. Kewa ta taso masa. Allah sarki, ƙato da furfura a gemu yana zaune yana kallon akwatin da babu komai a ciki sai busasshen kyankyaso. Ya daɗe a haka. Da ya ji abin zai fi ƙarfinsa sai ya yi abin da ya saba, ya jawo fasasshiyar kwalba ya hau kankara.

A cikin murfin akwai tabo biyu, babba da ƙarami, kusa da juna, da alama a da ja ne ya rine ya koma ruwan ƙasa. Sun ɗan yi yatsu-yatsu, kamar an dafa da hannun manja. Ya tsaya ya dube su, ya girgiza kai, ya ce, "Mata ke nan, ba sa raina wurin goge hannu." Ya sa kwalba, tabo ya ce bai san zance ba, don ya shiga naman itacen sosai. Nan fa zuciyar sana'a ta motsa. Shi Inuwa, tabo ya gagare shi? Ya kankare ya goge, ya sake kankarewa, gumi na ɗiga daga gemunsa, sai wajen azahar jan itace ya fito tas. Ya hure garin, ya shafa da tafin hannu, sumul. Sannan ya wanke cikin akwatin da kananzir don fenti ya kama da kyau.

Fenti da damina sai haƙuri. Ya ɗauke akwatin zuwa barandar babban gidan da ba kowa, yana shafawa yana jiran kwana biyu, yana korar ƙwari da mafici. Shafi uku ya yi masa, shuɗin ya zauna lumui. Daga nan ya fasa garwar kananzir, ya miƙe ta da guduma, ya zana fure a jiki. Furen wani zane ne da Tani ke ɗaure da shi ranar da aka kawo ta, mai kunne biyar da ɗan ganye a gefe, har yau yana ganinsa a idonsa. Falle biyu ya lalata, ya yanke babban yatsa, a na uku fure ya fito. Ya bi gefen akwatin yana ɗora gwangwanin yana dangwala fari, ya matsa ya sake, har ya zagaye, ya ɗiga ja a tsakiyar kowanne. A cikin murfin kuwa, inda ya sha wahalar tabon nan, ya yanka wani babba ya buga shi a tsakiya. A shekara ashirin da huɗu na buga lamba, wannan ne furensa na farko.

Shawulu ya ratso shinge ya tsaya riƙe da ƙugu. "Kai! Inuwa, ashe kai ma mutum ne? Wallahi ko a kantin Turawa ban ga irinsa ba. Na janye maganata."

Bai tsaya nan ba. Ya nemi izini aka ba shi makullin ɗakin boyi, ya share, ya shafe shi da farar ƙasa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ɗaura gidan sauro, ya ajiye tulu da buta. Ranar Alhamis da safe ya yanka kaza da hannunsa ya miƙa wa Shawulu ta shinge, ya ce don Allah yau dai a ji gishiri. Ya sa rigarsa ta Salla. Tasha kuwa bai je ba, ina uba zai je taryen 'yar fari? Sai ya laɓe a bayan shinge tun hantsi yana leƙen titi, in mota ta wuce ya yi kamar yana duba ganye.

Wajen sha ɗaya motar wani abokin aikin Lawan ta ajiye su, mai motar ya ce zai dawo da ƙarfe uku. Lawan na gaba, dogon saurayi mai alƙalami a aljihu, Dije na biye da shi a lulluɓe. Inuwa ya saci kallo sau ɗaya. Tafiyar Tani ce sak. Kuma duk da mayafin, ya ga cikin da ke jikinta, ya kai wata bakwai.

Lawan ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Dije ta durƙusa can nesa, ta ce, "Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Inuwa, yana duban Lawan. "Ya hanya? Ya mutanen Ringim?"

Aka sha ruwa, aka taɓa kaza. Lawan ya yi ta ba da labarin jirgi da canjin aiki don kada shiru ya yi yawa, Inuwa na cewa madalla, madalla. Can Dije ta ce a hankali, "Baba, akwatin fa?"

Ai kamar jira yake. Ya shiga ya rungumo shi a lulluɓe da farin ƙyalle, ya dire a kan tabarma, ya yaye ƙyallen, ya ja da baya ya harɗe hannu. Rana ta bugi shuɗin nan, furanni suka yi fes.

"Masha Allah!" in ji Lawan. "Baba, wannan ai sai gidan Razdan!"

Dije ta yi ɗan murmushi. "Ya yi kyau ƙwarai, Baba. Amma na Inna nake nufi."

"Shi ne."

Ta dube shi, karo na farko ido cikin ido, sannan ta dubi akwatin. Ta matso da gwiwa, ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallon babban furen nan. Ta sa hannu ta shafa shi, ta shafa gefensa, ta bi kusurwa-kusurwa da yatsa. Ta sunkuya ta sa fuskarta a ciki ta shaƙa, ba komai sai warin fenti da kananzir. Da ta yi magana, ba da uban take ba, ba kuma da mijin ba, idonta na kan murfin.

"Jajiberin Salla ne. Tana sa mini lalle, akwatin a buɗe don ta ciro tsummokaran ƙunshi. Na zille, na dafa nan da ɗanyen lalle a hannuna. Na zaci za ta doke ni. Sai ta yi dariya, ta dafa nata kusa da nawa, ta ce to yanzu mu biyu muka yi laifi, kada a gaya wa Babanki." Ta sake shafa murfin. "Fuskarta ta ɓace mini. Na yi na yi, ba ta zuwa. Hannun nan kaɗai na riƙe. Na ce bari in zo in ɗora nawa a kai, in ga ko ya kai nata, kafin..."

Ba ta ƙarasa ba, ba a wannan zance a gaban uba. Amma Inuwa ya ji sauran. Yarinya ce da haihuwar fari a gabanta, ba uwa ba kaka, za ta garin da ba ta san kowa ba, kuma ta san abin da ya kashe uwarta. Tsoro take ji. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Lawan ya yi gyaran murya. "Ai fenti ne, Baba. In an kankare za a same shi a ƙasa, ko?"

Da wani mai fentin ne, da an samu. Da irin ragwayen nan ne masu shafa fenti a kan dauɗa su gudu, wallahi da an samu. Inuwa ya dubi hannuwansa.

"Babu. Na bi shi har naman itacen."

Dije ta rufe murfin a hankali, ta goge ido da bakin mayafi. "Ba komai, Baba. Ai ba ka sani ba." Sannan ta ɗago. "Baba, wace irin mace ce?"

To, ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kuma amsa tana nan, ta cika masa baki. Mace ce da in ta fara dariya sai ta dafa bango. Mace ce da ke waƙa in tana daka, har matar injiniyan wancan lokacin ta aiko a ce ta rage murya, ta rage na kwana biyu ta koma. Ba ta tsoron maciji amma in ta ga kwaɗo sai ta hau turmi. Barkononta sai ka yi hawaye. Furen nan da kike shafawa na zanenta ne, ranar da aka kawo ta. Duk suna nan a kan harshensa. Amma ga suruki zaune kai a sunkuye, ga 'yar fari, ga zancen matar da tana raye ma bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ya buɗe baki, ya dubi bango.

"Mai haƙuri ce. Allah ya ji ƙanta."

"Amin," in ji Dije.

Mai haƙuri ce! Abin da ake faɗa ke nan a kan duk macen da ta mutu daga nan har Gumel. Ta jira ko zai ƙara, bai ƙara ba. Ta juya wajen mijinta.

"Malam, ƙarfe nawa ne jirgin?"

"Huɗu. Amma ai ke mun ce..."

"Gara mu tafi tare. Kada ka sha wahalar dawowa."

Babu fushi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Wurin uwarta ta zo, ba ta same ta ba, mutumin da ta tarar kuma ba ta san shi ba. Ƙofar ɗakin boyi na nan a buɗe, ana hango sabuwar tabarma da gidan sauro. Da za ta yi alwala ta wuce ta gabanta, ba ta san don ita aka yi ba, shi kuma bai ce ba. Ƙarfe uku mota ta zo. Lawan ya ɗauki akwatin da kansa ya sa a baya, yana ta godiya, har yana cewa a Kaduna sai an tambaye su inda suka saya. Dije ta durƙusa ta ce, "Baba, sai wata rana. Mun gode." Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Allah ya raba lafiya kuwa a cikinsa ya faɗa.

Bayan la'asar Shawulu ya ratso ɗaukar tukunyarsa, ya tarar da Inuwa zaune a bakin baranda, har yanzu da rigar Salla, kaza ko rabi ba a ci ba.

"Ina baƙuwar?"

Inuwa ya gaya masa, a taƙaice, bai rage komai ba. Shawulu ya ajiye tukunyar. Yau dai bakin tsiyar nan ya rasa abin tsokana, sai faɗa.

"Kai dai wallahi ban taɓa ganin irinka ba! Tabon ya tafi, to, ya tafi. Amma kai ba ka nan? Kai ba ka san matar ba? Yarinya ta tambaye ka da bakinta!" Ya shiga gida fuu, ya dawo da takarda da alƙalami, ya zauna ya ɗora a gwiwa. "Jibi zan bar garin nan. In ba yau ba, ba ka da mai rubuta maka. Takarda ba ta da ido, ba ka jin kunyarta. Duk abin da ya maƙale maka ɗazu, faɗi in rubuta."

Inuwa ya gyara zama. Ya cire hula ya mayar.

"Rubuta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun sauka lafiya."

"Na rubuta. Sai me?"

Hadari na haɗuwa ta gabas, iska ta fara kaɗa darbejiya. Inuwa ya dubi takardar. Shawulu ya jira, alƙalami a tsaye.

"Rubuta, kada a ajiye akwatin a rana. Kada a ɗora masa abu mai zafi sai ya yi wata guda, fentin bai gama kamawa ba. In ya yi ƙura a sa tsumma mai laima, ban da sabulu."

"Inuwa!"

"Rubuta mana."

Shawulu ya yi tsaki, ya rubuta. "Shi ke nan?"

Inuwa ya daɗe yana murza yatsan da gwangwani ya yanke. Da ya yi magana, sai da Shawulu ya matso da kunne.

"Ka ce in ya ɗan kankare, ko kaɗan ne, ko ba a gani sosai, a aiko mini. Zan zo da kaina in gyara."

Shawulu ya cire tabarau ya goge su da gaban riga, ya mayar, ya sunkuya ya rubuta.